Yaro na son ƙwallo: inda iyaye za su rage kashe kuɗi a Kano

Takalmi ne ya fi cin kuɗi. Ƙafar yaro ɗan shekara 10 zuwa 14 ba ta tsayawa wuri ɗaya, wanda ka saya bana baɗi ya matse shi. Shi ya sa na fi karkata ga gwanjon Kasuwar Ƙofar Wambai a kan sabo. A kasuwa za ka ga sababbi masu sheƙi da tambarin Nike ko Adidas a farashi mai sauƙi, amma da yawansu jabu ne, kafin a je ko'ina tafin ya ɓare. Ka tafi da yaron da safarsa ya gwada a gabanka. Ka lanƙwasa takalmin ka duba inda tafi ya haɗu da fata, ka juya shi ka ga ko haƙoran sun cinye. Filayen unguwanninmu ƙasa ce mai tauri, don haka mai gajerun haƙora barkatai ya fi mai dogaye, wanda don ciyawa aka yi shi.

Jesi kuwa, iyaye su haɗa kuɗi a ɗauko saiti guda a farashin sari.

Sai wurin horo. Makarantar koyon ƙwallo tana da kuɗin rajista da na wata, ga kuɗin adaidaita sahu duk ranar atisaye. Ƙungiyar unguwa ɗan karo-karo kawai take nema, kuma a ƙafa yaro zai je. Ga ƙaramin yaro, ni ta unguwa zan zaɓa, muddin kocin mai tarbiyya ne kuma ba ya hana yara Islamiyya. Idan hazaƙarsa ta fito, sai a nemi makarantar, a tambayi ragi ga wa da ƙane, ko a nemi biya kashi-kashi. Ba sai yaro ya bar gari ba kafin a san shi: gasar matasa irin Kofin Ramat a nan Kano ake buga ta, kuma Ahmed Musa a Kano Pillars ya yi suna kafin ya tafi Turai a 2010.

Neman tallafi ma da dabara. Alƙawarin ɗan siyasa yakan bi kakar zaɓe ya wuce. Ɗan kasuwar unguwa mai shago a Kwari ko Singa ya fi dorewa. Koci da iyaye biyu su same shi da takamaimiyar buƙata: "Alhaji, ƙwallaye da saitin jesi muke nema, za mu buga sunan shagonka a ƙirji." A karɓi kaya maimakon tsabar kuɗi, don kada zargi ya shiga tsakanin iyaye da koci.

Duk wanda ya ce ka biya shi ya kai ɗanka gwaji ƙasar waje, kada ka ba shi ko sisi sai ka tantance shi a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.