Sharhi: yawon wuraren Olympics na 1984 a Sarayevo

Wanda duk tafiya ta kai shi Sarayevo, babban birnin Bosniya, ina ba shi shawarar ya ware yini guda ya bi yawon da ake shiryawa zuwa wuraren da aka yi wasannin Olympics na hunturu a 1984. Na biya kuɗi na bi wani ƙaramin kamfani mai mota da ɗan jagora, kuma kuɗina bai tafi a banza ba, duk da akwai inda suka gaza.

An yi gasar daga 8 zuwa 19 ga Fabrairu, lokacin Bosniya tana cikin Yugoslabiya, ƙasashe 49 suka halarta. Jagoranmu dattijo ne da ya ga wasannin da idonsa yana saurayi, shi ya sa labarinsa ya fi na littafi daɗi. Da ya zo kan Jure Franko, wanda ya ci lambar azurfa a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, lambar farko da Yugoslabiya ta taɓa samu a gasar hunturu, sai muryarsa ta canza. Ya ce a lokacin mutanen gari suna cewa sun fi son Franko a kan burek, abincinsu mai nama da ba sa haɗa shi da komai.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dutsen Trebević. Mun hau ta akwatunan da ke rataye a waya, waɗanda aka sake buɗewa a 2018 bayan yaƙi ya lalata na dā. A can cikin daji hanyar tseren keken ƙanƙara take, kwararo ne na siminti mai tsawon mita 1,300, yana murɗawa tsakanin itatuwa. Yanzu da ƙafa ake bin cikinta, bangonta duk zane-zanen fenti. A jikin simintin akwai ramuka, domin a yaƙin da ya ɓarke a 1992 masu yi wa birnin ƙawanya sun mayar da wurin mafakar harbi. Shekara 8 kacal bayan duniya ta taru a nan! Daga baya muka sauka zauren Zetra, inda Katarina Witt, 'yar Jamus ta Gabas, ta ci zinariya a rawar zamiya kan ƙanƙara, muka ga maƙabartar da ta cinye filin da ke kusa da shi. Jagoran bai yi dogon bayani ba, ya bar mu muka yi addu'a, na kuma ji daɗin wannan dattakon.

Inda suka gaza shi ne gaggawa. A dutsen Igman, wurin tsallen ƙanƙara, ko hoton kirki ba mu gama ɗauka ba direba ya fara danna ham. Haka kuma ba wanda ya ambaci Lamine Guèye na Senegal, baƙar fatar Afirka na farko da ya shiga Olympics na hunturu, alhali a wannan gasar ya yi hakan. Sai da na tayar da maganar da kaina.

Kafin ku biya, ku tambaya ko kuɗin hawa Trebević yana ciki, don namu daban muka biya. Ku sa takalmi mai ƙarfi da rigar sanyi mai kauri, iskar kan dutsen ba ta cikin gari ba ce.