Shirin Affiliate na Twitch: Shiga Babu Wuya, Kuɗin Ne Ke da Nisa

Wata tara na yi ina watsa wasan ƙwallon kwamfuta kai tsaye a dandalin Twitch, biyar daga cikinsu a matsayin ɗan shirin da suke kira Affiliate, wato matakin farko da dandalin ke ba mai tasha damar raba kuɗin shiga da shi. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan sharhi shi ne yawan matasan da ke tambayata ko da gaske ana samun dala a harkar, musamman tun bayan da Kai Cenat, ɗaya daga cikin manyan masu tasha a dandalin, ya ziyarci Legas a 2024 kuma hotunansa suka cika wayoyin jama'a. Amsar ita ce ana samu, sai dai tsakanin a ce an ba mutum izinin karɓar kuɗi da kuma kuɗin su shigo hannunsa akwai tazarar da ba kasafai masu tallata harkar suke bayyana ta ba.

Twitch ya samo asali ne a 2011 daga wani shafi mai suna Justin.tv, kamfanin Amazon kuma ya saye shi a 2014 a kan kusan dala miliyan 970. A shekarun farko, wanda ya kai matsayin Partner ne kaɗai ke samun rabo daga kuɗin da 'yan kallo ke biya, kuma a yau matsayin nan yana buƙatar matsakaicin mutum 75 su riƙa kallonka a lokaci guda, abin da mafi yawan masu tasha ba sa kaiwa har su gaji su bari. A 2017 aka ɓullo da shirin Affiliate domin ƙananan tashoshi, da sharuɗɗa huɗu: mabiya 50, watsa shiri na minti 500 cikin kwana 30, a ranaku bakwai mabambanta, da matsakaicin 'yan kallo uku. A 2025 an ƙara sassautawa, mabiya suka koma 25, sa'o'i suka koma huɗu, ranaku ma huɗu, aka bar sharaɗin 'yan kallo uku yadda yake.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai yi wa wannan sharaɗi na mutum uku dariya. Ni ma na yi. Mabiya 50 na tara su cikin mako biyu ta hanyar roƙon 'yan ajinmu da 'yan majalisarmu, kuma sa'o'i ba su da wahala ga wanda dama wasan ne abin hirarsa. Amma a ce mutum uku sun zauna tare da kai daga farkon shiri har ƙarshensa, dare bayan dare, wannan wani abu ne daban, domin lissafin matsakaici ake yi: in ka yi sa'a uku kana magana kai kaɗai, sannan mutum goma suka leƙo na minti goma, sa'o'in nan uku na kaɗaici su za su janyo lissafin ƙasa. Na fi wata uku lambar da ke gefen allona ba ta wuce biyu ba, kuma na san su waye biyun: ƙanena da ke ɗaki na gaba da wayarsa a kife a kan katifa, da wani abokina da ke buɗe tashar ya tafi sallar isha'i. Ranar da na uku ya shigo ya rubuta "sannu da aiki" da Hausa, mutumin da ban san shi ba kuma ya ce daga Kumasi yake, sai da na zubar da ƙwallo a raga ta don ruɗewa.

Cike takardun shiga shirin bai da rikitarwa, kuma wannan abin yabo ne. Ana buƙatar cikakken suna da adireshi, a kunna tabbatar da shiga asusu ta mataki biyu, a amince da yarjejeniya, a amsa tambayoyin haraji, sannan a zaɓi hanyar karɓar kuɗi. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da amincewar iyaye ko waliyyi. A wurin tambayoyin harajin ne ya kamata ɗan Najeriya ya natsu, domin babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka, saboda haka ana iya cire harajin Amurka da zai kai kashi 30 cikin 100 daga wani ɓangare na abin da ya samu. Wannan dokar ƙasarsu ce, ba son ran kamfani ba, amma dai daga aljihun mai tasha take fita.

Hanyoyin samun kuɗin uku ne, kuma mafi girmansu shi ne biyan kuɗin wata da ɗan kallo ke yi don goyon bayan tasha. Mataki uku gare shi. A Amurka, matakin farko dala 4.99 ne tsawon shekaru kafin a mayar da shi 5.99 a 2024, na biyu dala 9.99, na uku kuma 24.99. Rabon ɗan Affiliate rabi ne, kuma rabin abin da ya rage ne bayan an cire haraji da kuɗin hada-hada. Tun 2021 dandalin ya fara rage farashi a ƙasashen da samun jama'arsu bai kai na Amurka ba, wanda hakan sauƙi ne ga ɗan kallo, amma ma'anarsa ga mai tasha ita ce goyon bayan mutum ɗaya daga nahiyarmu bai kai darajar na mutum ɗaya daga Amurka ba. Akwai kuma masu rajistar Amazon Prime, wato tsarin mambobi masu biyan kuɗi na kamfanin Amazon, waɗanda ake ba su damar goyon bayan tasha ɗaya kyauta duk wata, kuma tun 2024 ana biyan mai tasha ƙayyadadden kuɗi a kan kowane ɗaya gwargwadon ƙasar da yake.

Hanya ta biyu ita ce Bits, wasu 'yan maki da ɗan kallo ke saye ya liƙa wa mai tasha a cikin akwatin hira, kamar yadda ake yi wa mawaƙi liƙi a gidan biki. A nan lissafin a fili yake: kowane Bit ɗaya santi ɗaya ne ga mai tasha, wato 100 dala ɗaya, alhali wanda ya saya ya biya kusan dala 1.40, dandalin ya riga ya ɗauki nasa tun wurin saye. Na fi son wannan tsari a kan sauran saboda abin da ka gani a allo shi ne naka. Hanya ta uku talla ce, inda ake ba mai tasha kashi 55 cikin 100 idan ya yarda a riƙa sa tallar aƙalla minti uku a kowace sa'a. Ga tashar da mutum biyar ke kallo, kuɗin talla bai isa sayen ruwan leda ba, kuma katse wasa ana tsakiyar bugun fanareti don a nuna talla yana iya korar biyu daga cikin biyar ɗin.

A yanzu sai mu yi lissafi. Ba a tura wa mutum kuɗi sai abin da ya tara ya kai dala 50, kuma a da ma dala 100 ne kafin a rage a 2022. Wanda ya zaɓi a tura masa ta hanyar wayar banki ta ƙasa da ƙasa har yanzu sai ya kai 100, ga kuɗin turawa da za a cire. Idan tasha ta sami mutum goma masu biyan cikakken farashin Amurka, jimlar ta kusa dala 60, rabon mai tasha bai kai 30 ba. Ke nan wata biyu zai yi kafin ya ga biyan farko, wanda ake yi wajen tsakiyar watan da ke biye, kuma hakan in mutum goman nan duk sun sabunta. Tashar da matsakaicin 'yan kallonta uku ne ba ta da mutum goma masu biya. Abin da bai kai ma'auni ba ba ya ɓacewa, ana tara shi zuwa wata na gaba, kuma wannan adalci ne, amma na san yadda ake ji a buɗe shafin kuɗi a ga dala 11 da 'yan santi sun yi wata guda ba su motsa ba. Karɓar kuɗin ma aiki ne, domin shekaru da dama asusun PayPal na Najeriya ba ya karɓar kuɗi, don haka tilas mutum ya bincika hanyar da ke aiki a ƙasarsa a lokacin da zai shiga.

Ɓangaren da na fi so masu sha'awa su duba da kyau shi ne abin da ake kashewa. Watsa hoto mai kyau sosai yana cin kilobit 6,000 a kowace daƙiƙa, wato kimanin gigabait 2.7 na data a sa'a guda. Ko an rage shi rabi, sa'a uku a dare, dare huɗu a mako, ya haura gigabait 60 a wata. Manhajar OBS da ake watsa shirin da ita kyauta ce, amma data ba kyauta ba ce, haka man janareta. Kuma saurin aikawa ake buƙata, ba saurin saukewa da kamfanonin sadarwa ke tallatawa ba. Wani dare da wani mai tasha ya kammala shirinsa ya turo mini 'yan kallonsa su goma sha huɗu, mafi yawan da na taɓa gani a lokaci guda, ban gama yi musu maraba ba aka ɗauke wuta. Kwamfutar ta ci gaba da aiki da batirinta, amma na'urar intanet ta mutu. Kafin in lalubo fitila, in ja janareta, in dawo in sake haɗawa, minti shida sun wuce, kuma mutum biyu na tarar, su ne dai biyun nan nawa na kullum. Washegari na sayi ƙaramin batirin da ke riƙe na'urar intanet, kuɗinsa kuma ya fi duk abin da tashar ta tara a wannan watan.

Babbar matsalar shirin ga mai magana da Hausa ba rabon kuɗi ba ne, rashin jama'a ne. Masu jin Hausa da ke kallon bidiyo kai tsaye suna TikTok da Facebook da YouTube, kuma da yawansu ba su taɓa jin sunan Twitch ba. Hausa ba ta cikin harsunan da ake zaɓa wa tasha, sai dai a saka ta a rukunin "sauran harsuna". Ga shi kuma dandalin ba ya taimaka wa ƙaramar tasha ta fito fili yadda TikTok ke jefa bidiyon baƙo a gaban dubban mutane. Wanda ya buɗe rukunin wani wasa manyan tashoshi zai fara gani, kai kuma kana can ƙasa inda yatsa ba ya kaiwa. In ka koma Turanci don neman 'yan kallon Amurka masu biya, ƙarfe takwas na dare a New York ƙarfe ɗaya ne ko biyu na dare a Kano, gwargwadon lokacin shekara. Su kuma namu da suka zo, al'adar cire kuɗi daga kati duk wata ba ta zauna mana ba, balle an yi shekaru katunan naira da dama ba sa biya a shafukan waje. Sau da yawa ɗan kallo ya fi son ya ce in ba shi lambar asusu ya turo kuɗin shayi, kuma gaskiya wannan ya fi saurin isowa.

Duk da haka akwai abubuwan da shirin ya yi kyau a kansu. Ɗan Affiliate yana samun damar ƙirƙirar 'yan hotunan tasharsa da masu goyon baya ke amfani da su a hira. Nawa na farko hula ce zanna, kuma har yanzu ita ake sakawa duk lokacin da na ci ƙwallo. Akwai makin tasha da ɗan kallo ke tarawa kyauta ya fanshi wani abu da su, kamar zaɓar ƙungiyar da zan buga da ita, kuma wannan ya riƙe mini mutane fiye da komai. Ana ajiye bidiyon shirin da ya wuce kwana 14 maimakon bakwai. Abin da ya fi duka amfani shi ne canjin da aka yi a Oktoban 2023, lokacin da aka halatta watsa shiri ɗaya a Twitch da wasu dandali a lokaci guda. A kula da kiɗa kawai, domin tun 2020 ake tsananta batun haƙƙin mallaka, kuma waƙar da ke tashi a bayan fage tana iya jawo a kashe sautin bidiyo ko a yi wa tasha gargaɗi.

Idan aka kwatanta rabon da na abokan hamayya, rabi-da-rabi bai burge ba. YouTube na ba mai tasha kashi 70 na kuɗin mambobi, Kick kuma kashi 95. Twitch yana da shirin Plus da ke ɗaga rabon zuwa kashi 60 ga wanda ya riƙe maki 100 wata uku a jere, wato makin da ake lissafawa daga masu biyan kuɗin wata, ko kashi 70 ga mai maki 300, amma goyon bayan Prime da wanda aka saya wa wani kyauta ba sa cikin ƙidayar, saboda haka wannan zance ne na tashar da ta riga ta girma. Ban kuma ga alamar rabon zai ƙaru nan kusa ba, tunda shugaban kamfanin, Dan Clancy, da bakinsa ya ce a farkon 2024 ba sa cin riba, a daidai lokacin da aka sallami ma'aikata kusan 500, kuma a Fabrairun shekarar suka rufe harkarsu a Koriya ta Kudu saboda tsadar kuɗin sadarwa.

Hukuncina shi ne shirin bai yaudari kowa ba, ƙa'idojinsa a rubuce suke kuma lissafinsa yana fita daidai, amma ba albashi ba ne, kuma wanda zai ci bashi ya sayi kwamfuta da kyamara saboda shi ya dakata. Ya dace da wanda dama yana da kayan aiki, yana da wuta da intanet da zai dogara da su, kuma yana da mabiya a wani dandalin da zai iya janyowa. Ni yanzu dare uku nake yi a mako, ina watsawa a Twitch da YouTube lokaci guda, na rage ingancin hoton don data ta kai ƙarshen wata, kuma ina yanka guntayen wasan in saka a TikTok, inda mafi yawan sababbin 'yan kallona ke fitowa. Biya ɗaya na karɓa cikin wata biyar, kuma kuɗin data na wata biyu ya rufe.