Wechiau: inda kuɗin baƙo ke kwana a gari

In kina Kumasi kina neman inda za ki kai yara hutu, kuma kina so kuɗinki ya faɗa hannun masu ƙasa, to ki gwada mafakar dorina ta Wechiau a gundumar Wa ta Yamma, a arewacin Ghana. Hanya ce mai nisa, ba zan ɓoye miki ba. Sai kin wuce Techiman da Wenchi da Bamboi da Bole da Sawla kafin ki ga Wa, daga can kuma ki nemi wata motar. Mun kwana a zangon Wa wurin 'yar uwa, da asuba muka kama hanya. Direban da muka yi ciniki da shi ya ƙara mana kuɗi a tsakiyar daji, wai hanya ta ci masa mai, don haka a gama magana sarai kafin a shiga mota.

Wurin na mutanen garin ne, kuma ana ganin haka tun daga ofishin karɓar baƙi. Yaron da ya yanka mana rasit ɗan garin ne, wanda ya yi mana jagora ma haka. Shi ya ba mu tarihin wurin da Hausarsa ta kasuwa: da aka zo da shawarar gwamnati ta mai da bakin kogin gandun dajinta, sarakunan yankin suka ce su za su riƙe abinsu, aka kafa mafakar a 1998. Ta bi gaɓar kogin Baƙin Volta tsawon kilomita 40, ƙauyuka 17 ne ke cikinta, na ƙabilun Wala da Lobi da Birifor da Dagaaba. An keɓe bakin ruwa, ba noma ba farauta, saboda dorina da dare take fitowa kiwo, in ta tarar da gona kuwa sai rigima. Gidan namun daji na Calgary a Kanada ya daɗe yana taimaka musu, kuma a 2008 sun samu lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shiga kwalekwalen ne ya fi tsaya mini a rai. Wani dattijo ne ke tuƙi, ba ya yawan magana. Aka ɗaura wa yara rigar ruwa, ya duba kowa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wa ƙaramin igiyarsa da hannunsa. Muna cikin tafiya sai ya ɗaga filafili ya tsaya cak. Can gaba kunnuwa ne ƙanana a saman ruwa suna kaɗawa, sai hanci ya ɓullo ya fesa ruwa da wani gurnani da na ji har cikin ƙirjina. Na ce, "Baba, a ɗan matsa mana kusa mu ɗauki hoto." Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, mai ɗa ce. Nan ya isa." Ban ƙara magana ba, kuma na ji daɗin da bai biye mini don kuɗina ba. Da yaran suka ji cewa gaɓar da suke hange Burkina Faso ce, suka yi ta ɗaga wa ƙasar waje hannu.

Sana'ata sarar man kaɗe ce, ina sayarwa a Aboabo, don haka na roƙi jagoran ya kai ni wurin mata. Suna da ƙungiya da ke tsintar kaɗanya a dajin da ba a fesa wa magani, ana saye a hannunsu da daraja. Na murza man a bayan hannu, na shinshina, babu ƙauri babu tsami. Wata ta nuna mini rijiyar burtsatse ta ce da daga kogi suke ɗiba.

Wannan ne ya sa nake rubutun nan. Kullum muna ganin 'yan matan arewa a kasuwar Kejetia ta Kumasi da kwano a ka, suna dakon kayan mutane, suna kwana a bakin shaguna, wasu da goyo. Ba na cewa dorina za ta tsayar da su duka a gida, baƙin da ke zuwa ba su kai haka ba. Amma mai tuƙi da mai jagora da mai dafa wa baƙi abinci da mai tsintar kaɗanya, duk a garinsu suke cin abinci, kuma kuɗin shiga na komawa ga ruwa da makaranta da fitilun hasken rana. Na sha zuwa wuraren shaƙatawa da mai su ke zaune a Accra, 'yan gari sai shara da gadi.

Masaukin na ƙauye ne, ɗaki da gado da gidan sauro, wanda ke neman otal mai na'urar sanyaya ɗaki ya kwana a Wa. A tafi da ruwan sha da ɗan guzuri, a riƙe kuɗi a hannu, kada a dogara da na waya. Kuma a je da rani, lokacin da ruwa ya ja baya dorinar ke taruwa wuri ɗaya. Da damina kogin kan cika, ana iya yin doguwar tafiyar nan a dawo ba a ga ko kunne ba.