Rangadin Majami'ar Canterbury: Kuɗin Jagora Ba Asara Ba Ne

Wanda ya shiga babbar majami'ar Canterbury da ke Ingila shi kaɗai zai iya wuce wurin da ya fi ko'ina muhimmanci bai sani ba, domin babu komai a wurin sai daɓen dutse da kyandir ɗaya yana ci. Nan hubbaren Thomas Becket, babban limamin da aka kashe a majami'ar, ya tsaya daga 1220 zuwa 1538, shekarar da Sarki Henry na Takwas ya sa aka rushe shi, aka kwashe zinariyarsa. Idan ba jagora, fili kawai za ka gani.

Jagororin sun san aikinsu. Sukan tsayar da kai a kusurwar arewa maso yamma, inda barade huɗu suka sare Becket ranar 29 ga Disamba 1170, su warware maka tushen rigimar: Sarki Henry na Biyu ya ɗora amininsa Becket a kujerar babban limamin Ingila a 1162 da zaton zai yi masa biyayya, sai gogan naka ya ƙi yarda a gurfanar da limaman coci gaban kotun sarki. Daga nan a sauka ɗakin ƙasa, inda sarkin ya zo neman gafara a 1174, ba takalmi, aka yi masa bulala. A can ba a ɗaukar hoto, kuma haske kaɗan ne.

Ka lura da matakalar da ke hawa zuwa wajen hubbaren. Tsakiyar kowane dutse ya lotsa saboda sawun maziyarta na ɗaruruwan shekaru, don haka mai ciwon gwiwa ya bi a hankali.

Inda za a yi hattara shi ne maganar nan da ake yawan jingina wa Henry na Biyu, wai wa zai raba shi da wannan fitinannen limami. Tana da daɗin ji, amma marubutan zamanin ba da waɗannan kalmomi suka kawo ta ba. Kabarin Henry na Huɗu kuwa yana gefen hubbaren, cunkoso kan sa a wuce shi da sauri. Ka koma bayan an watse.

Daga tashar St Pancras a Landan jirgin ƙasa mai sauri kan kai Canterbury West cikin kusan awa ɗaya. Ka duba shafin intanet na majami'ar kafin ka sayi tikitin jirgi: ranar Lahadi lokacin baƙi gajere ne saboda ibada, kuma jami'o'in garin kan yi bikin yaye ɗalibai a ciki, a rufe sassan ginin.