Zama 14 da likitar halayyar ɗan Adam kan cutar waswasi: abin da na gani

Ina aji uku a jami'a waswasi ya kai ni inda alwala ɗaya ke cinye min minti 40. In wanke hannu, zuciya ta ce ruwa bai kai gwiwar hannu ba, in sake. Buta uku, wani lokaci huɗu. Laccar ƙarfe takwas kuwa na daina samu. An yi min ruƙiyya, malami ma ya zaunar da ni ya ce yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Na yarda da shi, amma hannuna bai daina komawa kan buta ba.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce ta tura ni sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibitin koyarwa. Ranar farko likitar ta auna ni da ma'aunin tsananin waswasi mai suna Y-BOCS, tambayoyi 10 ne, maki daga 0 zuwa 40. Na samu 27, wato ciwon ya yi tsanani. Ta ce sunansa OCD a Turance, wato cutar waswasi mai tilasta maimaita abu, kuma hanyar da za mu bi ita ce ERP, wadda masanin halayyar ɗan Adam Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966: ka tunkari abin da ke tayar maka da hankali, ka kuma hana kanka maimaitawar da ka saba samun sauƙi da ita.

A baki da sauƙi. A aikace, ta sa na yi alwala sau ɗaya a gabanta, ta ɗauke butar, muka zauna. Duk bayan minti biyar sai ta ce in ba fargabata maki daga 0 zuwa 100. Na fara da 90, gumi na keto min. Na ce, "Likita, don Allah alwalar ta yi?" Ta ce, "Malam, wannan tambayar ma wankewa ce ta biyu, ba zan amsa ba." Ranar na ji haushinta ƙwarai. Bayan rabin awa makin ya sauka zuwa 40 ba tare da na taɓa ruwa ba, kuma wannan ne karon farko da na ga fargaba tana sauka da kanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta raina addinina ba. Ita ta ce in tambayi malamina iyakar abin da shari'a ta wajabta, sau ɗaya tak, mu tsaya a nan. Ta kuma dage in koma buga ƙwallo da yamma, domin ta lura ciwon yana tashi ne lokacin jarrabawa, sa'ad da nake kwana karatu ba hutu.

Inda na ga gazawa: layi. Sai ka zo da sassafe ka kai azahar, sau biyu kuma aka ɗage min zama ba sanarwa, ga kuɗin mota a aljihun ɗalibi. Maganin sertraline da likitan ƙwaƙwalwa ya haɗa min ya sa ni tashin zuciya a makon farko, sai da ya kusa wata biyu na ji tasirinsa, kuma ba wanda ya gargaɗe ni da wuri.

A zama na 14 makina a ma'aunin Y-BOCS ya dawo 11. Waswasin yana leƙowa har yanzu, musamman in na gaji, amma alwalata minti uku ce, da buta ɗaya.