Funeral for Justice na Mdou Moctar: wuta ce, amma mai tura waƙa ya cuce ni

Mu da muka san Mdou Moctar, Buzun nan mai gita ɗan Nijar, tun lokacin kundinsa Anar, wanda ya ɗauka a Sakkwato a 2008 da muryar na'ura irin ta waƙoƙin fim, muna ta tura wa juna ta Bluetooth, wallahi ba mu zaci gitarsa za ta yi wannan zafi ba. Kundinsa Funeral for Justice, da kamfanin Matador ya fitar a 2024, tun waƙar farko ba ya bari ka numfasa. Souleymane Ibrahim yana dukan ganguna kamar ana bin sa bashi.

Waƙar Imouhar ce ta gama da ni. Na kunna ta da dare a fadarmu nan Tawa. Mai shayinmu dattijo ne ɗan wajen Abalak, duk kiɗan da muke sa bai taɓa ko ɗaga kai ba. Waƙar tana farawa can ƙasa-ƙasa, a dushe, sai ka matso da kunne, kwatsam kuma komai ya fashe. Nan tsohon ya ajiye buta a kan gawayi ya ce, "Yaro, maido ta baya." Na ce, "Baba, kai ma?" Bai kula ni ba. Da ta ƙare ya shiga fassara mana: yaron nan 'yan'uwansa yake wa faɗa, kada su saki harshensu na Tamashek su kama harshen wasu. Shayin ya yi ta tafasa har ya zube, muka sha shi da ɗaci, ba wanda ya yi ƙorafi. A daren nan da an tambaye ni, da na ce babu kamar kundin nan a duk abin da Mdou ya yi.

To amma wanda ya tura mini a kasuwa, Allah ya isa. Ana tsakiyar waƙar Oh France, daidai inda gita ta hau sama, sai ga muryarsa yana tallar shagonsa da lambar waya. Har sau biyu a waƙa ɗaya! Ya kuma matse waƙoƙin don su shiga memori, bas ɗin Mikey Coltun ya ɓace gaba ɗaya, saura ƙara kawai. Da na koma, wai haka kowa ke saye.

Kuma gaskiya, ko ba don shi ba, kundin yana gajiyar da kunne. Afrique Victime na 2021 ya fi sanin inda zai sassauta. Kana fita daga Chismiten ka san Tala Tannam na nan gaba, za ka huta. Wannan kuwa fushi ne kusan daga farko har ƙarshe, a lasifikar waya sai ya zama hayaniya, matata har cewa ta yi in kashe ko in fita da shi waje.

Na ji sun sake ɗaukar waƙoƙin da gitar da ba ta lantarki ba, Tears of Injustice, a 2025. Shi zan nema, amma ba a wancan shagon ba, kuma kuɗina na nan ina bin sa.