Wace manhaja za ta yi maka gadin sabar kana barci?

Kamfanin manhaja mai mutum biyu ko uku ba shi da wanda zai kwana yana kallon sabobi, wato na'urorin da shafin kamfanin da bayanansa ke zaune a ciki. Dole wata manhajar ta yi gadin. Ni abu guda nake tambaya kafin in kalli farashi ko kyan allo: idan abu ya lalace daga ciki, za ta riga kwastoma sanar da ni?

Ina da dalili. Na taɓa biyan wani kamfanin sa ido da yake leƙa shafinmu na farko duk minti, ya ga amsar 200, lambar da ke nuna shafi ya buɗe, ya rubuta lafiya lau. Ashe faifan ajiya ya cika maƙil, rumbun bayanai ya daina karɓar rubutu, babu mai iya shiga asusunsa. Allonsu kore shar, kwastomomi kuwa sai kira suke. Tun ranar, manhajar da ba ta ganin cikin na'ura ba ta burge ni.

Shi ya sa zaɓina Prometheus ne, haɗe da Grafana. A SoundCloud aka fara gina shi a 2012, a 2016 ya shiga CNCF, gidauniyar da ke kula da irin waɗannan manhajoji, kuma kyauta ne, lambar shirinsa a buɗe take. Yadda yake aiki: ka ɗora ƙaramin shiri mai suna node_exporter a kowace sabar, shi kuma Prometheus ya riƙa zagayawa yana kwaso alƙaluma, nauyin aiki, ƙwaƙwalwa, ragowar faifai, zirga-zirgar intanet. Tunda shi ke zuwa tambaya, sabar da ta yi shiru nan take zai gane. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne predict_linear, wanda yake duba yadda faifai ke cika ya lissafa gaba. Sai ka ce masa ya tashe ka idan faifan zai cika nan da awa huɗu, ka gyara tun kowa bai sani ba. Alertmanager kuma yana tattara ƙararrawa, idan sabobi goma suka faɗi saboda dalili ɗaya, saƙo ɗaya zai turo maka ta imel ko Telegram. Wanda wayarsa ta taɓa yin kuka har ya daina dubawa ya san darajar wannan. Grafana, da Torkel Ödegaard ya fitar a 2014, ita ke zana komai a allo.

Prometheus yana da wahalarsa, gaskiya. Harshen tambayarsa, PromQL, sai an zauna an koya. Kwana 15 kawai yake ajiye bayanai idan ba ka canza ba. Kuma kada ka liƙa lambar kowane kwastoma a jikin ma'auni, wato alƙaluman da yake kwasowa, ƙwaƙwalwar na'urar za ta ƙare.

Sauran fa? Nagios tun 1999 yake, lokacin sunansa NetSaint, kuma shekarun sun nuna a jikinsa. Zabbix yana da ƙarfi, amma ya fi dacewa da mai ɗaruruwan na'urori. Datadog ya iya aiki, sai dai kuɗinsa kan kowace sabar ne, ma'aunan da ka ƙirƙira da bayanan da ka tura kuma lissafinsu daban. New Relic yana ba da gigabait 100 kyauta a wata, ya isa gwaji. UptimeRobot na kyauta duk minti biyar yake leƙowa, daga waje kawai. Shirin da ake kira Uptime Kuma, mai leƙowa daga waje, shi kaɗai zan ce ka ƙara, ka ɗora shi a na'urar wani kamfanin daban, ka sa ya nemi wata kalma a cikin shafin da ke taɓa rumbun bayanai. Mai gadin da ke kwana ɗaki ɗaya da kayan, gobara ɗaya ce za ta cinye su.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Manhajar sa ido tana ganin komai na sabarka, don haka ita ɓarayi suka fi so. A 2020 masu kutse sun cusa mugun shiri cikin sabuntawar wata manhajar sa ido mai suna SolarWinds Orion, kusan kwastomomi 18,000 suka sauke ta. Wannan fa daga hannun kamfanin kansa ta fito. Ina ga wadda aka fasa lasisinta aka watsa kyauta? Wanda ya fasa ta bai yi don Allah ba. Haka kwafin bogi a Docker Hub, shafin da ake sauke manhajojin sabar, suna ya yi kama da na gaske, harafi ɗaya ne bambanci, a ciki an ɓoye shirin haƙar kuɗin kirifto da zai riƙa cin ƙarfin na'urarka kana biyan kuɗin. Ka sauke daga shafin masu aikin na asali, ka duba sunan mai wallafawa. Umarnin layi ɗaya da ke sauko da shiri ya kunna shi da cikakken iko, kada ka liƙa shi sai ka buɗe ka karanta.

Akwai kuma cutar baki. Mai tallan da ya ce maka manhajarsa za ta yi aiki 99.9 cikin ɗari na lokaci, ka sani ya ba kansa kusan awa tara na ɗaukewa a shekara, kuma sau da yawa diyyar ragin kuɗin wata mai zuwa ce, ba ta mayar da kwastoman da ya tafi. Shafukan da ke jera manhajoji goma mafi kyau, da yawansu la'ada suke karɓa kan duk wanda ya saya ta hannunsu. Ka nemi gwajin kyauta, ka kashe rumbun bayananka da gangan a sabar gwaji, ka duba agogo ka ga minti nawa saƙon zai ɗauka.

Ko Prometheus ɗin ma, ranar da ka girka shi ka rufe ƙofofin 9090 da 9100, inda ake shiga Prometheus da node_exporter, daga intanet, domin ba su zuwa da kalmar sirri. Grafana kuwa da suna admin da kalmar sirri admin take fara buɗewa, ka canza tun shigar farko.